Ni Na Fara Ɗaga Hannu A Dokar Da Ta Kusa Kashe Min 'Ya

Assalamu alaikum 'yan wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana, ba don ina tsoron wani ba, sai don akwai yarinya a cikin maganar. Don Allah ku ba ni shawara, kuma wanda zai zage ni ya zage ni amma ya karanta har ƙarshe tukuna, domin zagin da na yi wa kaina cikin kwanakin nan babu wanda zai iya kamo ni a cikinku. Ku yi haƙuri da rubutun, karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, abin da ke raina kawai zan zube muku.

Ni magidanci ne, na haura arba'in da biyar, ina zaune wajen Zawaciki, ina aiki a wani kamfanin roba a Sharada. Kafin nan ɗan acaɓa ne ni. Da babur na yi aure, da babur na sayi rabin fulotin da nake ciki yanzu, ban taɓa roƙon kowa ba. Rana ɗaya aka wayi gari aka ce an hana goyo a babur. Ban musa ba, a lokacin ana ta'asa da babura, kowa ya sani, amma ni ko reza ban taɓa ɗauka a aljihu ba, kuma ba wanda ya zo ya tambaye mu to ku me za ku ci. Na yi wata da watanni ina kallon babur ɗin a zaure kamar gawa, daga baya na sayar, muka cinye kuɗin, na dawo ina layi a bakin get ɗin kamfanoni tun asuba, daga Bompai zuwa Challawa, ana nuna mu da yatsa kamar tumaki, kai shigo, kai koma gida. A haka na samu lebaranci a Sharada. Tun daga lokacin idan na ji an ce “an hana” sai raina ya ɓaci. Na faɗi wannan ne don ku san wane irin mutum ne yake muku magana, saboda abin da zai biyo baya.

A kamfaninmu akwai doka, ba a shiga da waya. Akwai akwatin ƙarfe a bakin get, kowa da lambarsa, ka ajiye da safe, a datse da kwaɗo, sai ƙarfe huɗu in an tashi a buɗe. Wannan dokar a gabana aka haife ta. Akwai wani Ilu, mutumin Damagaram ne, tare muke a kan injin niƙa roba, wata rana yana tura roba da hannun dama wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya juya ya sa hannun hagu zai ciro, kafin ka ce me injin ya tafi da yatsunsa uku. Ni na kashe injin, ni na ɗaure masa hannu da rigata. Saboda haka da aka kawo dokar akwati ban yi gardama ba, har na ce an makara. Da tafiya ta yi tafiya aka ba ni hedman, wato shugaban leburori, ni ne nake laluba aljihun mutane da safarsu, kuma ban da sassauci, kowa ya san ni. Har maigadin da ya taɓa buɗe wa wani akwatin da rana don ya kira gida ni na kai ƙararsa ofis, aka sallame shi, aka sa Ilu a gurbinsa tunda hannunsa ba ya iya aikin inji. Wato ni da na tsani a hana ni, ni ne na koma mai hanawa, kuma a lokacin ban ga wani abin mamaki a ciki ba.

Yanzu ga ainihin maganar. Babbar 'yata, zan kira ta Jidda duk da ba shi ne sunanta ba, tana ajin ƙarshe a wata makarantar 'yan mata a ɓangaren Kumbotso. Tana da asma tun tana shekara shida. Wanda ya san yankinmu ya san abin da muke shaƙa, idan iska ta juyo daga kamfanonin fata na Challawa ko mai lafiya sai ya toshe hanci, balle ita. Likita ya rubuta mata ɗan shuɗin abin shaƙar nan, inhela, ya ce kada ya rabu da jikinta, in abin ya taso ta fesa sau biyu sai ƙirjin ya buɗe. Shekara da shekaru a haka muke, ba wanda ya sani sai mu 'yan gida.

Bara makarantar ta kira taron iyaye. An kama wasu 'yan mata da kwalaben maganin tari da ƙwayoyi a banɗaki, ɗaya har sai da aka ɗauke ta ranga-ranga. Firinsifal, wata Hajiya ce mai zafi, ta ce suna so su hana shigowa da kowane irin magani, duk mai lalura iyayensa su cike fom su kawo takardar likita, a ajiye maganin a kabad ɗin ofis, in buƙata ta taso a ba shi. Wasu iyaye suka fara jan ƙafa, wai a yi nazari. Ni kuwa ina da ƙani uwa ɗaya uba ɗaya, Sani, tela ne da ba a yi irinsa ba a layinmu, maganin tarin nan ya mayar da shi abin da yanzu in ya gan ni sai ya tambaye ni daga ina. Da na tuna shi sai na miƙe, na ce nazarin me, ko maganin ciwon kai kada a bari yarinya ta shigo da shi, duk wadda aka kama a kore ta ko 'yar waye, ko tawa ce. Aka yi ta tafi. Da aka ce a ɗaga hannu nawa ne ya fara tashi. Wallahi a wannan lokacin ko kaɗan inhelar Jidda ba ta faɗo min a rai ba, ni a kaina magani shi ne kwalba da ƙwaya, wannan kuwa kamar takalminta na ɗauke shi, abin da kawai take fita da shi.

Sai da fom ya zo gida sannan na gane abin da na ɗaga wa hannu. Uwarta ta ce mu cike mu kai, shi ke nan. Mahaifiyata, Inna, tana zaune tare da mu, ta ce ba da ita ba. Ta ce 'ya mace ba a rubuta mata ciwo a takarda, takarda ba ta mantuwa. Ta tuno min 'yar ƙanwarta da aka sa wa rana har an kawo lefe, dangin miji suka jiyo tana da lalura suka aiko a mayar musu da akwatunansu, har yau tana gida. Ta ce sunayen nan a bango za a manna su a ofishin malamai, kuma ɗaya daga cikin malaman a bayan layinmu yake, matarsa mai kitso ce, abin da ya shiga kunnen mai kitso kuwa ya shiga kunnen unguwa. Uwar Jidda ta ce Inna ai numfashi ya fi miji, Inna ta ce ke ba ki aurar ba tukuna shi ya sa. Suka yi kwana biyu ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Ni da ya kamata in raba gardamar sai na bi bayan Inna, na ninke fom ɗin na cusa a ƙarƙashin katifa, na ce wa Jidda ta sa abin a cikin gwangwanin kayan lissafinta, ba wanda zai duba nan. Ni ɗin nan, mai laluba safar mutane a bakin get, ni na koya wa 'yata inda za ta ɓoye.

Akwai wata wautar kuma da dole in faɗa, tunda na ce zan faɗi gaskiya. Lokacin da aka sa ta a makarantar an nemi lambar waya biyu, ta uba da ta uwa. Na rubuta tawa sau biyu. Na ce ba zan bar wasu ƙartin malamai suna kiran matata ba. Na ɗauka wannan shi ne kishin iyali.

Zango biyu aka yi lafiya. Ranar Talatar makon jiya aka yi binciken ba-zata a wajen asambili, aka zazzage jakunkuna. Wani Malam Habu, shi ne mai kula da tarbiyya, ya buɗe gwangwanin ya gani. Jidda ta ce masa magani ne, na asma ne. Ya je ya duba takardar bango, babu sunanta. Ya ce to doka ta ce a karɓe sai uba ya zo, ya kai ofis aka jefa kabad aka kulle. Makullin yana hannun mataimakin firinsifal, shi kuma ƙarfe goma ya fita wani taro a cikin gari da makullin a aljihunsa. Wajen sha ɗaya da rabi masu shara suka cinna wa bola wuta a bayan ajinsu, ledoji ne da tsummokara, hayaƙin ya shigo ta taga. Ƙawarta ce ta ba ni labarin sauran, ta ce Jidda ta fara tari, sai ta dafe tebur, sai ƙirjinta ya fara wannan kukan kamar usur, ta miƙa hannu cikin jaka tana laluben abin da ta san ba ya nan. Aka ruga ofis, kabad a kulle. Aka kira mataimaki, ya kashe waya yana cikin taro. Aka ce a fasa, aka tsaya ana neman wanda zai ba da izinin fasawa. Aka kira ni. Sau tara. Aka duba lamba ta biyu, ita ma tawa ce. Jidda kuma ba ta da numfashin da za ta faɗi lambar uwarta.

Ni ina can ina yi wa mutane tsawa a kan su ɗaure buhu da kyau. Na ci shinkafa da wake a wajen mai abinci, har na yi wa wani dariya saboda ya zubar da miya a wando. Ƙarfe huɗu aka buɗe akwati na ɗauki wayata na ga kira tara da saƙo ɗaya, wai mu same su a asibiti. Ban san yadda na isa ba. Na tarar da ita a gado an rufe mata fuska da robar iska, leɓenta har lokacin bai dawo daidai ba. Likitar wata yarinya ce da na girme ta nesa ba kusa ba, amma ta wanke ni tas a gaban mutane, ta ce baba da an ƙara minti kaɗan da yanzu wani zancen ake, ina inhelarta, me ya sa aka raba ta da ita. Da na juyo na ga Malam Habu a tsaye a baranda, aka ce shi ne ya karɓe, sai na yi kansa na shaƙe masa wuyan riga, na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba, har iyayensa na ambata. Bai ɗaga hannu ba, cewa kawai yake “Baban Jidda, sunanta ba ya cikin takarda, wallahi sunanta ba ya ciki.” Sai wata nas ta daka min tsawa, ta ce malam sake shi, ai shi ya kawo ta. Ashe da ya ga ana ta jiran izini sai ya ɗauko babur ɗinsa, aka ɗora ta, wata malama ta hau baya ta rungume ta, su uku ya keto da su har asibiti. Sai a lokacin na lura takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, ɗayan ya faɗi a hanya bai tsaya ɗauka ba. Goyon da aka hana ni, wanda ya raba ni da sana'ata, shi ya ceci 'yata, kuma a hannun mutumin da ya kusa jawo ajalinta. Na sake shi na koma gefe na zauna a ƙasa. Har yau ban ba shi haƙuri ba, kuma ban san ko zan iya ba.

Kwana uku ta yi aka sallame ta. Na je makarantar da takardar likita, na ce wa Hajiya firinsifal na yi laifi na yarda, ga takarda, a rubuta sunan a manna ko a bakin titi ne, amma a bar ta da abinta a aljihu, likita ta ce ba abin ajiya ba ne, na mintuna ne. Ta saurare ni har na gama sannan ta ce a'a. Ta ce in ta bar ɗaya, kafin wata ya ƙare yara ashirin za su zo da takardar likita, kuma kowa ya san takarda ba ta da wuyar samu a garin nan, kuma yaran yanzu babu mazubin da ba sa iya cusa wani abu a ciki. Ta ce tun da aka sa dokar ba a ƙara ɗaukar yarinya a banɗaki ba, kuma ba za ta rushe wannan saboda uba ɗaya ya ƙi cike fom ba. Sannan ta kalle ni ta saman gilashinta ta ce, “Malam, ba kai ne ka miƙe ka ce ko taka ce a kore ta ba? Ni na tuna fuskarka.” Abin da ta yarda da shi kawai shi ne za a yanka makulli na biyu a ba metiron, matar da ke duba marasa lafiya. Na ce metiron ba ta tafiya sallah, ba ta shiga banɗaki, ba a haihuwa a danginta? Daga ajin su Jidda a bene zuwa ofis ma tafiya ce. Ta ce wannan shi ne iyakar abin da za ta iya. Ta miƙo min takarda ta ce in sa hannu, cewa na yarda a ajiye maganin a ofis, kuma in aka ƙara kama ta da shi a jiki kora ce ba dakatarwa ba. In ban sa ba kuma kada ta dawo. Ta ba ni zuwa Litinin. Ina fitowa na ga ta buɗe jakarta ta ciro ƙwayar hawan jini ta kora da ruwa. Nata a jakarta yake, ba a kabad ba.

Ku sani yarinyar nan saura wata huɗu ta zana jarrabawar fita, kuma a makarantar aka yi mata rajista, ba a ɗauke rajista a kai wani wuri kamar buhun masara. Ita ce ta farko a zuriyarmu da ta kai nan, mace ko namiji. Burinta ta yi karatun nas, tun tana ƙarama take cewa ita za ta riƙa sa wa mutane robar iska.

Da na koma aiki na samu Ilu a bakin get na zauna kusa da shi, ban ma fara magana ba ya ce min ya ji ta. Na ce ka ji me. Ya ce wayata, ranar Talata, yana zaune a kan benci tana ta kuka a cikin akwati, ya san tawa ce don ni kaɗai ne har yanzu nake da wannan tsohon kiɗan. Ya ce tun a kira na huɗu jikinsa ya ba shi ba lafiya ba. Na ce to don me ba ka buɗe ba, ko ka shigo ka kira ni, taku nawa ne? Ya ce, “Hedman, wanda ya zauna a bencin nan kafin ni me ya yi aka kore shi? Wa ya kai shi?” Ya ce shi yana da 'ya'ya biyar a Damagaram da yatsu bakwai, in aka sallame shi wa zai ɗauke shi. Duk da haka bai goyi bayana ba fa. Ya ɗaga dungulmin hannun nan ya sa min a fuska ya ce tun da aka sa akwati wa ya ƙara rasa yatsa, ka ƙirga min. Ya ce dokar da ta tsare hannun mutum hamsin ba za ta zama banza ba don ta cije ka rana ɗaya, kuma makarantar ma gaskiyarta, da an yi irin wannan tsananin tun da wuri da Saninku yana kan kekensa yana ɗinki. Ya ce matsalarka kai kana son doka ne in a kan ɗan wani za ta faɗa. Na ce masa kai kuma an cinye maka hannu an ba ka benci shi ya sa kake musu waƙa. Muka rabu ba daɗi, mutumin da na ɗaure wa hannu da rigata.

Amma maganarsa ta ƙi barina, domin rabinta gaskiya ce, kuma wannan rabin shi ya fi ƙona min rai. Ban ce a bar yara su sha abin da suka ga dama ba, na ga Sani. Ban ce a shiga gaban inji da waya ba, na tsince yatsun Ilu da hannuna. Abin da nake tambaya shi ne me ya sa duk wanda yake kafa doka a ƙasar nan ba ya zama a ƙarƙashinta? Manajanmu waya biyu yake zagaya injina da su, yana amsawa yana nuna mana aiki da ƙafa. Waɗanda suka hana goyo ba su taɓa tsayawa a rana suna jiran abin hawa da mara lafiya a kafaɗa ba. Su hanawa kawai suka iya, domin hanawa ba ta cin kuɗi ba ta cin tunani, kwaɗo ɗaya ne da takarda a bango. Zama a tantance wa ke da lalura wa ke da iskanci, wannan aiki ne, ba mai son yi, gara a haɗa mu duka a kulle a tafi taro da makulli. Kuma abin takaicin, da aka ba ni ɗan guntun iko ni ma haka na yi, ban fi su ba ko da ƙwayar zarra. Na je ofishin kamfani na roƙi a bar ni da ƙaramar waya ko a kashe take, aka ce hedman in aka bar ka wa za a hana, irin amsar da ni ma na sha ba mutane. Sun ce in ba makaranta lambar akawu, zai aiko a kira ni. Na bayar, na kuma kai lambar uwarta, na haɗiye wancan kishin banzan. Amma kira ba ya buɗe ƙirji, ko a bugu na farko na ɗauka daga Sharada zuwa can kafin in isa an gama.

A gida yanzu kowa da tasa. Inna ta ce a cire ta kawai, karatun ya isa haka, tunda ga shi abin da ake gudu ya faru, unguwa duk ta ji, mata har sallama suke suna tambayar ya mai jiki da wata irin murya. Uwarta ba ta ce da ni komai ba tun daga asibiti, ko “ai na faɗa maka” ba ta ce ba, kuma da ta faɗa da ya fi min sauƙi. Shekaranjiya na dawo na tarar ta ɗauko hijabin makarantar ta farke ta ciki, wajen ƙirji inda yadin ya ninku, ta ɗinka ɗan aljihu daidai girman inhela, in ba ka sani ba ko ka shafa ba za ka ji ba. Ta ajiye min a kan tabarma ta ce, “Ka sa musu hannu, mu kai musu ɗaya su kulle, ɗaya kuma tana nan.” Ta tashi ta shige ɗaki. Na juya hijabin nan ta ko'ina da idon mai bincike, wallahi aikin ya yi, ni kaina da wuya in kama.

Na kira Jidda na ce ta gwada. Ta sa, ta tsaya a gabana, ba a ganin komai. Har na fara jin sanyi a raina sai ta ce, “Baba, in Malam Habu ya tambaye ni ko akwai magani a jikina, in ce masa babu?” Ta ce yanzu ba sa tsayawa a jaka, Alƙur'ani suke cewa za su iya ɗauko wa wadda suke zargi. Yarinyar da na taɓa zane wa jiki tana 'yar shekara tara saboda ta ce ta yi sallah alhali ba ta yi ba, na ce mata a gidana ana yafe komai ban da ƙarya. Sai ta ce ita fa ciwon bai taɓa ba ta kunya ba, Allah ne ya ɗora mata, ɓoyon ne ya gajiyar da ita, zango biyu kullum gabanta yana faɗuwa in an ce a buɗe jaka, tana shiga banɗaki ta fesa a ɓoye kamar masu shan ƙwaya. Ta ce duk wanda na zaɓa za ta bi, amma in zaɓa da kaina, kada in ce Inna ce ta ce. Ta cire hijabin ta rataye a ƙusa ta fita.

To jama'a ga inda nake. In na sa hannu na bi doka tsakani da Allah, na miƙa numfashin 'yata ga kabad da makullin da ban san aljihun wa zai kwana ba, kuma na riga na ga abin da hakan yake haifarwa. In na sa hannu na bar ta da aljihun ɓoye, na sa ta ƙarya da bakina, kuma ranar da abin ya taso ta ciro a gaban aji, ranar za ta rayu kuma ranar za a kore ta, wata huɗu kafin jarrabawa, da takardar da ni na sa wa hannu. In na ƙi sa hannu na bi ta Inna, na kashe mata karatu saboda laifin da ni na yi ba ita ba. Wani ya ce in kai ƙara sama, ni wa na sani a sama, kuma kafin a saurare ni an gama jarrabawar. Wani ya ce in tara iyaye a sake zama, da wace fuska, ni da na miƙe na ce ko tawa ce a kora?

Malaman makaranta da ke cikin gidan nan, ku faɗa min tsakaninku da Allah, dokar nan daidai ce a haka, ko akwai wata hanya da ake bi a wajenku da ban sani ba? Ma'aikatan asibiti, makulli biyu ya isa ko ina wasa da rai ne? Malaman addini, in ta ce babu alhali akwai don ta tsira da numfashinta, alhakin a kan wa yake, ita ko ni? Kada wanda ya ce min in yi addu'a kawai, ina yi, kuma ranar Talata ma na yi kafin in fita.

Yau Asabar. Takardar tana aljihuna, hijabin yana rataye a ƙusa. Jibi ƙarfe bakwai na safe zan jefa wayata a akwatin Ilu ya datse kwaɗo, ba zan ƙara jin komai ba sai ƙarfe huɗu. Ku faɗa min da me zan tura 'yata makaranta a tsakanin nan.